'Yar Bakin Ruwa Da Filafilinta

Yau zancenmu na ruwa ne, kuma daga Yawuri za mu tashi.

Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin kogin Kwara a Yelwa ranar kasuwa ta san abin da zan faɗa. Tun da sanyin safiya jirage ke danno kai daga ƙetare da ƙauyukan bakin tafki, wasu da inji, wasu da hannu, ɗauke da albasa da bandar kifi da itace da buhunan shinkafa. In kika ɗauke ido daga manyan jiragen kika dubi ƙananan kwalekwalen da ke bin gefe, wata rana za ki hangi yarinya wadda ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta durƙusa a gindin jirgi, ta ɗaure ɗankwalinta tamau, tana kaɗa filafili. Ruwa na jan jirgin zuwa ƙasa, ita kuwa tana karkata shi da ɗan murɗa hannu kawai, har ta kawo shi daidai inda take so ya tsaya, ba ta gogi na kowa ba. Ba mai tafa mata. Uwarta ma faɗa take yi wai an makara.

Wannan yarinya ce ta sa na ɗauki alƙalami. A ganina tana riƙe da wata baiwa wadda a wasu ƙasashe ake kashe kuɗi masu yawa a nemo, mu kuwa mun ɗauke ta kamar daka ko ɗebo ruwa, watau aikin da yarinya za ta yi ta yi har ranar da za a kai ta ɗaki, shi ke nan. Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri, kada wata ta ce na cika kewaye-kewaye. Ya kamata a koya wa kowace yarinya ta ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga iyo da tuƙi, koyarwa ta sosai, sa'an nan waɗanda suka yi fice a ba su filin tsere, da alƙali da agogo da littafin da za a rubuta sunayensu.

Ai Yawurawa ba baƙin tseren jirgi ba ne. Ga bikin Rigata nan da ake yi cikin rani a bakin kogi, jama'a su cika gaɓa maƙil, jirage su fito da ado, makaɗa na kiɗa, matuƙa na zuba filafili a ruwa kamar hannu ɗaya ke riƙe da su duka. Manya sun ce asalinsa daga Gungawa ne, mutanen tsibiran kogi, waɗanda kan fita cikin jirage da masu su yi farautar dorina in ta addabi gonaki da masunta. Aiki ne da ke bukatar matuƙan da hannunsu ya zo ɗaya, domin dorina ba ta yafe wa mai kuskure. Da farautar ta ja baya sai nuna gwanintar ya zama wasa, sunan kuwa aka aro shi daga bakin Turawa, kalmar da suke kiran taron tseren jiragen ruwa da ita. Haka kuma a Argungu, a bikin kamun kifin da aka fara tun 1934, akwai wasannin kabanci, inda ake tseren kwalekwale da iyo da kamun agwagwar ruwa. Jiharmu ta Kebbi dai ba ta rasa gadon ruwa ba.

Amma fa ki tari mutum goma da suka je kallon Rigata, ki tambaye su wa ya zo na ɗaya shekara uku da suka wuce, kuma minti nawa ya yi. Za su ba ki labarin kiɗa, da manyan baƙi, da motocin da suka zo daga Birnin Kebbi. Sunan matuƙin kuwa ya bi ruwa. In haka ake yi wa namiji, ina ga mace?

To, don a gane abin da nake nufi, bari in kai ku ƙasar Ingila, in ba ku labarin wata mata mai suna Katherine Grainger.

An haife ta a birnin Gilasgo na Sukotland a 1975. Ba 'yar masunta ba ce, ba ta kuma tashi da filafili a hannu ba. Sai da ta shiga Jami'ar Edinbara karatun lauya a 1993 sa'an nan ta fara zama cikin jirgin tsere, tana da shekara goma sha bakwai zuwa sha takwas. Ku lura da wannan, 'yan makaranta: a shekarun da ta fara koyo, yarinyarmu ta Yelwa ta riga ta yi shekara biyar ko shida tana ƙetare ruwa.

Tuƙinsu ya bambanta da namu. Jirgin dogo ne siriri, faɗinsa iyakar mazaunin mutum ɗaya, kuma ba shi da nauyi. Matuƙiya takan zauna ta juya wa inda za ta baya, a kan wata 'yar kujera mai gudu gaba da baya, filafilan kuwa dogaye ne an maƙale su a gefen jirgi. Saboda haka yawancin ƙarfin daga cinya da ƙafa yake fitowa, hannu na ƙarasawa ne kawai. Nisan tseren mita 2,000 ne, watau kilomita biyu, kuma gwanayen mata biyu kan cinye shi cikin minti bakwai ko kusa da haka. Minti bakwai! Amma kafin a kai gare su sai an yi shekara huɗu ana fita ruwa kusan kullum, cikin sanyin da mu ko a tsakiyar hunturu ba mu san irinsa ba.

A wasannin Olamfik na shekarar 2000 a birnin Sidni, Katherine da wasu mata uku, biyu daga cikinsu ya da ƙanwa ne, suka zo na biyu suka sami lambar azurfa. Murna har kunne, domin kafin wannan rana matan Birtaniya ba su taɓa samun lamba ko ɗaya a tuƙi ba a Olamfik. A 2004 a Atina ita da abokiyar tuƙinta Cath Bishop suka sake zuwa na biyu. A 2008 a Bejin kowa ya ce wannan karon zinariya ce, don jirginsu na mata huɗu shi ke riƙe da kambun duniya shekara uku a jere. Suna gaba har aka kusa kaiwa, sai matan ƙasar Sin suka zo suka wuce su a ƙarshen fili. Azurfa ta uku ke nan. Duniya ta ga hawayenta a wannan rana, ta kuwa kai shekara talatin da biyu, shekarun da 'yan wasa da yawa ke ajiye kaya.

Nan ne labarin ya kama ni. Mu mata mun san irin maganar da akan yi wa wadda ta gwada abu sau uku bai yiwu ba. "Haba, ki haƙura mana, ba rabonki ba ne." Wasu da zuciya ɗaya suke faɗa, wasu kuwa daɗi suke ji. Ita dai ta koma ruwa. Aka haɗa ta da wata mai suna Anna Watkins a jirgin mata biyu, suka ci gasar duniya a 2010 da 2011, sa'an nan ranar 3 ga Agusta, 2012, a gaban mutanen ƙasarsu a wasannin Landan, suka zo na ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan daga ranar da ta fara riƙe filafili. Bayan haka ta huta shekara biyu, ta dawo, ta je Riyo a ƙasar Barazil a 2016 tana da shekara 40, ita da Victoria Thornley, suka sami azurfa, tazarar da matan Polan suka ba su ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Lamba biyar a Olamfik biyar, ban da kambun duniya shida.

Ga kuma abin da nake so iyaye su ji da kunnen basira. Duk wannan tuƙi bai hana ta karatu ba. Ta gama digirinta na lauya, ta ƙara na biyu a Jami'ar Gilasgo, sa'an nan a 2013 ta karɓi digirin digirgir a fannin shari'a a Landan. A 2017 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma, aka kuma naɗa ta shugabar hukumar da ke raba wa 'yan wasan ƙasar kuɗi. Saboda haka mai cewa wasa na lalata karatun 'ya mace sai ya sake shiri. Abin da ke lalata karatu rashin tsari ne, da tallan da ba ya ƙarewa, da cire yarinya daga aji tun ba ta iya rubuta wasiƙa ba.

Kada kuma ku zaci Turawa tun fil azal suka yarda mace ta yi tuƙi. Ina! Maza na tseren jirgi a Olamfik tun 1900, mata kuwa ba a buɗe musu ƙofa ba sai 1976. Da aka buɗe ɗin ma sai aka ce mita 1,000 ta ishe su, wai ba za su iya nisan maza ba, sai a 1988 aka daidaita. Shahararren tseren nan na jami'o'in Oksfod da Kambirij an fara shi tun 1829, amma sai 2015 aka bar mata suka yi nasu a wuri ɗaya, rana ɗaya da maza, a kogin Tems. Su ma sun sha "wannan aikin maza ne" har sun ƙoshi.

To me ya canja? Ni dai ban yarda cewa jinin Baturiya ya fi na Bagungiya ko Bakambariya ƙarfi ba. Wadda ke dakan turmi biyu kafin hantsi, ta ɗauko tulu daga kogi, ba za a gaya mata ƙarfi ba. Abin da ya canja shi ne an sa ido, an sa kuɗi. A wasannin 1996 a Atlanta, Birtaniya duk girmanta zinariya ɗaya tak ta kawo gida, ita ma ta tuƙi ce, ta wasu maza biyu, Steve Redgrave da Matthew Pinsent. Kunya ta kama su. Daga 1997 aka fara ba 'yan wasa kuɗin abinci da na masu koyarwa da na likita, don su daina raba hankali. Kuɗin daga cacar ƙasa ake ɗebo su, wannan kam ba hanyarmu ba ce, ba na kuma kiran kowa gare ta. Amma darasin a fili yake: shekara uku da fara biyan, matansu suka hau dandamali.

Har shela suka riƙa yi a jarida suna neman dogayen samari da 'yan mata, ko ba su taɓa ganin jirgin tsere ba. Ta haka aka sami Helen Glover, malamar wasannin motsa jiki, wadda ta fara tuƙi a 2008, ta ci zinariya a 2012 tare da Heather Stanning, hafsan soja, suka kuma maimaita a 2016. Ku uwayen gida, wannan taku ce. Helen ta yi aure a 2016, ta haifi ɗa a 2018, ta haifi tagwaye a farkon 2020. Kowa ya ɗauka an gama. Sai ga ta a wasannin Tokiyo a 2021, mace ta farko mai 'ya'ya da ta yi wa Birtaniya tuƙi a Olamfik, ta zo ta huɗu. A 2024 a Faris, tana da shekara 38 da 'ya'ya uku, ta ci azurfa a jirgin mata huɗu. Ba ina cewa kowace mai jego ta tashi ta kama tsere ba ne, kowa da halin gidansa. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke ɗaukar aure kamar marfin tukunya, da an rufe sai duk abin da yarinya ta iya ya mutu a ciki. Wadda ta iya ruwa tana budurwa, in ta yi aure ita ce malamar da muke nema.

Mu a Nijeriya fa? Mun taɓa leƙawa. A 2016 Chierika Ukogu ta zama ta farko da ta yi wa ƙasar nan irin wannan tuƙi a Olamfik. A Amurka ta tashi, a can ta koya, ta ɗage shiga makarantar likitanci, ta kuma nemi gudummawar jama'a da kanta kafin ta iya zuwa Riyo. A Tokiyo Esther Toko ta bi sahunta. Wanda ma ya fi kusa da namu shi ne tseren kwalekwale, inda matuƙiya ke durƙusawa a gwiwa ɗaya, ta fuskanci gaba, ta yi tuƙi da filafili mai baki ɗaya a gefe ɗaya. Ku gaya mini, da me wannan ya bambanta da abin da yarinyarmu ke yi ranar kasuwa? A Tokiyo aka fara ba mata wannan tsere a Olamfik, kuma Ayomide Bello ta wakilci Nijeriya a na mita 200, ta sake zuwa Faris a 2024 ita da Beauty Otuedo. Allah ya ƙara musu ƙarfi. Amma ki karanta sunayen nan ki sake karantawa, ba za ki ji na 'yar bakin tafkin Kainji ba, alhali kuwa tafkin ya fi kilomita ɗari tsawo, ya shimfiɗe a ƙofar gidanmu tun 1968.

Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci, don ni ma an faɗa mini a gida. Na farko sutura. Gaskiya ne, ba wadda za ta so 'yarta ta fito gaban taro da irin kayan da matan Turai ke sawa, ni ma ba na so. Amma ba tilas ba ne. Matan ƙasar Iran na shiga wannan tsere da kansu a rufe, da riga mai dogon hannu da dogon wando, tun daga Homa Hosseini da ta je Bejin a 2008, ba wanda ya kore su. Telolin Yelwa ba za su kasa ɗinka irin wannan ba. Koyon iyo kuwa a keɓe wuri, a keɓe lokaci, mata su koya wa mata, dattijuwa ɗaya ta zauna a gaɓa da sandarta ta kori 'yan leƙe. Malamanmu ma sukan ambaci iyo cikin abubuwan da magabata suka kwaɗaitar a koya wa yara, ban kuwa ji inda aka ce ruwa na tambayar jinsi kafin ya ci mutum ba.

Na biyu tsoro. Wannan ba zan raina shi ba. Tun ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai, wasu 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai 2023, kowace uwa a ƙasar nan gabanta na faɗuwa in 'yarta ta yi nisa da ƙofa. Ba zan ce wa kowa ya tura yarinya wani lungun tafki ba. Abin da nake nema ana iya yinsa a cikin gari, da rana tsaka, a gaɓar da jama'a ke kai da kawowa, iyaye na gani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi lambar zinariya nauyi.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ya tarwatse a ruwa kusa da Wara cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki. Waɗanda aka tsamo da rai ashirin ne da 'yan kai. Kwana da kwanaki ana ciro gawa, a ciki akwai mata da yara masu yawa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba, kusan kowace damina sai mun ji irin wannan labari daga wani wuri a kogin Kwara. Dalilan kowa ya san su: lodin da ya wuce kima, tsohon jirgin da katakonsa ya ruɓe, tafiyar dare, iskar da kan taso farat ɗaya, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi a Kainji, waɗanda har yanzu suna nan ƙarƙashi suna jira.

Ku tuna, kafin a yi dam ɗin mutanen tsibirai a cikin ruwa suke tashi, yaro na koyon tafiya yana koyon iyo. Da tafki ya cika aka tashi mutum fiye da dubu arba'in aka mai da su sababbin garuruwa, wasu a kan tudu nesa da gaɓa. Ruwan ya ƙara faɗi, sanin ruwan kuwa ya ragu a gidaje da yawa. Yau za ki sami yarinya a Yelwa ko Wara ko Shanga wadda ke hawa jirgi zuwa biki da suna da kasuwa, amma in ta faɗa ruwan da ya kai mata wuya ba ta san yadda za ta yi ba. Ƙara da zani da ke naɗe ƙafafu, da mayafi mai jiƙewa ya yi nauyi, da goyo a baya. Namiji ya yar da riga ya yi ta kansa. Mace fa?

Ba zan yi muku ƙarya in ce iyo kaɗai zai fid da mutum daga tsakiyar tafki ba. Ko gwani yakan gaji, kuma in mutum ɗari suka zuba ruwa a lokaci guda, riƙe-riƙen juna ma na kashewa. Maganin farko rigar ruwa ce, wadda ke sa mutum ya taso ko ya suma, sai kuma hukuma ta tsaya a mashiga ta hana lodin banza. Amma wadda ta saba da ruwa ba ta ruɗewa, ta san ta kwanta rigingine ta huta, ta san ta kama katako ko jarka, ta san kada ta rabu da jirgin da ya kife matuƙar yana bisa ruwa. Wannan ilmi ne, kuma koyarsa ake yi. A ƙungiyoyin tuƙi na Ingila sukan gwada sabon shiga tukuna, ya yi iyo na mita 50 da tufafi a jikinsa, sa'an nan a kifar da jirgi da gangan a wuri mara haɗari don ya koyi fita. Watau tsere da tsira makaranta ɗaya suke. Yarinyar da ke son ta ci tsere dole ta iya iyo, ƙawayenta goma da suka raka ta su ma za su iya, kuma gobe in ta zama uwa ba za ta shiga jirgi da 'ya'yanta ba sai ta ga riguna. Har ma ta buɗe baki ta ce wa mai jirgi lodin ya isa, abin da yawancinmu kunya ke hana mu, mu zauna shiru ruwa na taɓa bakin jirgi muna ta salati a zuci.

Wata za ta ce, ina kuɗin? Jiragen Turawa tsada gare su, gaskiya ne, ban kuma ce a sayo su bana ba. Kwalekwale muna da shi, masassaƙa na nan. Filafili muna da shi. Agogon awon lokaci yana cikin kowace wayar hannu. Abin da ya rage shi ne a sami wuri mai kwanciyar ruwa kusa da gari, a auna mita 200 da mita 500, a kafa gora da tuta a farko da ƙarshe, a ajiye jirgin ceto da gwanayen Sarkawa a gefe, kowace yarinya da rigar ruwa a jikinta. Littafi guda na sule goma, in ji mutanen da, ya isa a rubuta suna da gari da lokaci. In aka yi haka shekara uku a jere, za a san wace ce ta fi sauri a ƙasar Yawuri, za a san ko tana ƙaruwa, sa'an nan a sami abin da za a nuna wa hukumar wasanni ta jiha da ta tarayya. Ba wanda zai zo daga Abuja neman yarinyar da ba a rubuta ba.

Ina roƙon fadar Mai Martaba Sarkin Yawuri da masu shirya Rigata su ba tseren mata da 'yan mata gurbi tabbatacce a cikin tsarin biki, da kyauta mai tsoka, kuma kyautar 'yan makaranta ta zama kuɗin karatu da littattafai, da sharaɗin sai mai zuwa aji za ta shiga. Wannan sharaɗi kaɗai zai mai da wasu yaran makaranta. Shugabannin makarantun 'yan mata kuwa, ranar wasannin shekara kullum tseren buhu ne da na ƙwai a cokali, ga kogi na kallonku ta taga. Ku nemi matan masunta waɗanda suka iya ruwa, ku biya su ladan koyarwa kamar kowane malami, don abin da ke kansu ba a samunsa a kwaleji.

Ku kuma uwayen gida, ku ne masu magana da maigida in dare ya yi an ci tuwo. Ba sai an ɗaga murya ba, kowace ta san lokacin da nata ke saurare. Ku ce masa yadda ya bar Audu ya koyi ruwa, ya bar Hauwa ma, tun da jirgi ɗaya suke shiga zuwa gidan kakarsu.

Wadda ke da 'ya ko ƙanwa mai tuƙi, ko ita kanta ta taɓa yi kafin aure, ta rubuto wa wannan fili, ta faɗi garinsu, da shekarun da ta fara, da nisan da takan tuƙa. In ba ta iya rubutu ba 'yar makarantar gidan ta rubuta mata. Da waɗannan wasiƙu za mu buɗe shafin farko na littafin, kafin Rigata mai zuwa.